Shekara nawa ya kamata na'urar wasan bidiyo ta yi kafin a fito da magajiyarta?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na sayi PS4, ban gama cin moriyarta ba aka fito da PS5, yanzu kuma har an fara maganar wadda za ta biyo baya. Wai shekara nawa ya kamata zubi ɗaya na waɗannan na'urori ya yi kafin a kawo sabo? Biyar sun isa, ko sai goma?"

Ɗan'uwa, amsata ita ce shekara 8 tsakanin na'ura da magajiyarta, in an matsa ƙwarai 7, sannan kamfanin ya ci gaba da riƙe tsohuwar da wasanni da shagonta na intanet har shekara 3 ko 4 bayan sabuwar ta fito. Da a shekarar 2000 ka yi wannan tambayar, da 5 ko 6 ce amsar da ta dace. Tun daga lokacin abubuwa uku sun canza: saurin ci gaban kayan cikin na'urar, tsawon lokacin da ake ɗauka ana ƙera wasa guda, da yadda farashi ke tafiya. Dukkansu wajen tsawaitawa suka karkata.

Amma mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tazarar da ke tsakanin fitowar na'ura da fitowar wadda za ta gaje ta daban, tsawon ranta a hannun jama'a daban. PlayStation 2 ta fito a Japan a watan Maris na 2000, PlayStation 3 ta biyo ta a Nuwamban 2006, amma Sony ba ta daina ƙera PS2 ba sai a ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013. FIFA 14 da PES 2014 duk sun fito a kanta a 2013, shekarar da PS4 ta shigo kasuwa. Ke nan a takarda zamaninta shekara 6 ne da 'yan watanni, a gidajen mutane kuwa ya ninka haka. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya bai ce maka wanne yake nufi ba, rabin amsa ya ba ka.

Ga yadda kamfanonin suka yi a baya. Sony ta fito da PlayStation ta farko a 1994, sai 2000, sai 2006, sai 2013, sai 2020. Microsoft ta shigo da Xbox a 2001, Xbox 360 a 2005, Xbox One a 2013, Series X da Series S a 2020. Nintendo kuwa, wadda ta girme su duka a harkar, ta fara da Famicom a 1983, Super Famicom a 1990, Nintendo 64 a 1996, GameCube a 2001, Wii a 2006, Wii U a 2012, Switch a 2017, sai Switch 2 a watan Yunin 2025. Babu wata doka da ta tsara wannan. Kowane kamfani yana kallon abokin hamayyarsa ne da aljihunsa.

Ka duba jerin nan da kyau. Duk inda zubi ya mutu da wuri, ba ci gaban fasaha ne ya kashe shi ba, matsala ce ta kori kamfanin. Xbox ta farko shekara 4 ta yi, domin Microsoft na sayar da ita a kan asara, kayan cikinta na Intel da Nvidia sun ƙi araha, kuma wajen miliyan 24 kawai aka sayar alhali PS2 ta haura miliyan 150. Wii U ba ta kai miliyan 14 ba, bayan yayarta Wii ta wuce miliyan 100, shi ya sa Nintendo ta binne ta tun ba ta cika shekara 5 ba. Dreamcast ta Sega ta fito a ƙarshen 1998, kafin ƙarshen Maris na 2001 an daina ƙera ta, Sega ta bar sana'ar na'ura gaba ɗaya. Tun kafin nan ma Sega ta ɓata rawarta da tsalle: a 1994 ta sayar wa mutane wani ƙari da ake jona wa tsohuwar na'urarta, mai suna 32X, a daidai lokacin da take fito da Saturn, ba a jima ba ta yi watsi da shi. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya saurin buɗe aljihu karo na biyu. Ita ma Xbox 360, da aka yi gaggawar fito da ita don a riga Sony da shekara guda, sauri ne ya haifi nawa. Zafi ya riƙa lalata ta, jajayen fitilu uku su kunnu a gabanta ta mutu, har a 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara da musanya.

To me ya sa a da shekara 5 ko 6 ke isa? Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a dubi RAM, wato ma'ajiyar da na'ura ke ɗora abin da take aiki da shi a wannan daƙiƙar. PlayStation ta farko megabayit 2 take da shi. PS2 ta zo da 32, ninki 16. PS3 ta zo da 512 in an haɗa ɓangarorinta biyu, ninki 16 kuma. PS4 ta zo da gigabayit 8, har wa yau ninki 16. PS5 fa? Gigabayit 16. Ninki 2 kacal, bayan shekara 7 ana jira. Ban ce PS5 ba ta kawo komai ba. Ƙwaƙwalwarta ta fi ta PS4 nesa ba kusa ba, kuma ma'ajiyar SSD da aka sa mata ta kawar da dogon zaman jiran lodin da muka saba da shi. Amma irin tsallen da ake yi a da, wanda tsohuwar da ba ta san komai a kan gem ba za ta leƙo ta ga bambanci, ya wuce. Daga PS1 zuwa PS2 'yan ƙwallo sun tashi daga mutane masu kusurwa-kusurwa marasa fuska zuwa waɗanda za ka iya gane wane ne wane. Daga PS4 zuwa PS5, in talabijin ɗinka ba mai 4K ba ce, wato mai tsananin kaifin hoto, sai ka ƙura ido kafin ka ce ga abin da ya canza. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya faɗa a 2024 cewa in aka bai wa masu PS5 zaɓi tsakanin ƙyallin hoto da santsin motsi, kashi uku cikin huɗu santsin motsi suke ɗauka. Wato mafi yawan mutane ba ƙarin ƙyalli suke nema ba. In fasahar na tafiya a hankali, dole a ƙara jira kafin a tara abin da ya cancanci a kira shi sabon zubi.

Dalili na biyu shi ne ya fi nauyi a wurina, domin ba don akwatin ake sayen na'ura ba, don wasannin ne. A zamanin PS2 kamfanin Rockstar ya fitar da GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. Manyan wasanni uku cikin shekara 3, a kan na'ura ɗaya. GTA V ya fito a 2013 a kan PS3 da Xbox 360, aka sake fitar da shi a PS4, aka sake a PS5, kuma shekarar 2025 ta ƙare na shida bai fito ba. PS4 ta zo ta yi zamaninta ba a ƙera mata sabon GTA nata na kanta ba. Kamfanin Naughty Dog na Sony ya yi wa PS3 wasanni huɗu: Uncharted uku a 2007 da 2009 da 2011, sai The Last of Us a 2013. A shekara 5 na farkon PS5 kuwa bai fitar da sabon wasa ko ɗaya ba, sai tsofaffin da ya sabunta.

Ba lalaci ba ne. Aikin ne ya kumbura. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212 tare da shekara 5 na aiki. Ɗaruruwan mutane ke zama a kan wasa guda: masu zane, masu rubuta manhaja, masu ɗaukar motsin 'yan wasa, masu sauti, masu gwaji. To yi lissafi da kanka. In babban wasa na cin shekara 5, zubin na'ura ma shekara 5 ne, to kowane kamfani wasa ɗaya zai yi mata, kuma wannan ɗayan shi ne na koyon hannu.

Koyon hannun nan ba ƙaramin abu ba ne. Wasan farko a kan sabuwar na'ura, masu ƙera shi suna laluben hanya ne, kayan aikinsu ba su nuna ba, wani lokacin ma sun fara aikin tun ba a gama tsara na'urar ba. Sai a na biyu da na uku suke sanin inda ƙarfinta yake ɓoye. Shi ya sa wasannin da ake tunawa da kowace na'ura galibi na ƙarshen ranta ne. God of War II ya fito a PS2 a 2007, bayan PS3 ta riga ta shiga kasuwa. PS3, wadda ƙwaƙwalwarta mai suna Cell ta wahalar da masu ƙera wasa shekara da shekaru, sai a 2013 ta haifi The Last of Us da GTA V, da RAM ɗin nan dai na megabayit 512. Ghost of Tsushima ya fito a PS4 a Yulin 2020, wata huɗu kafin PS5. Tears of the Kingdom ya fito a Switch a 2023, shekara 6 bayan fitowarta, a kan ƙwaƙwalwar Tegra X1 da Nvidia ta ƙera tun 2015. Yanke zubi a shekara ta biyar daidai yake da manomin da ya sha wahalar noma da ciyawa sannan ya girbe gero tun bai gama ƙosawa ba. Ma'aunina ke nan: zubi bai isa tafiya ba sai manyan masu ƙera wasanninsa sun samu damar yi masa aƙalla wasa biyu-biyu. Da tsawon aikin yanzu, wannan ba ya yiwuwa a ƙasa da shekara 7, ko a 8 ɗin ma da ƙyar.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar mai tambaya. A da akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin kamfani da jama'a: masu hali su saya da tsada a farko, sauran su jira farashi ya sauko. PS2 ta fara da dala 299 a Amurka, a 2002 ta koma 199, a 2004 ta koma 149, a 2009 ta sauko 99. PS3 ta fara da dala 499 da 599, tsadar da ta kusa karya ta, amma a 2009 siririyarta ta fito a kan 299. Abin da ke jawo haka shi ne ƙanƙantar da ƙwaƙwalwar. Cell ta fara a ma'aunin nanomita 90, ta koma 65, ta koma 45. Duk lokacin da aka ƙanƙanta ta, sai faranti ɗaya na silikon ya ba da ƙwaƙwalwa mai yawa, ta rage cin wuta, ta rage zafi, a rage girman fanka da akwati, kuɗin ƙerawa ya faɗi. Yanzu wannan hanyar ta yi wuya. Sauka daga nanomita 7 zuwa ƙasa na da tsada sosai, kamfanoni ƙalilan ne ke iya yi, kuma masu wayoyi da masu ƙirƙirarriyar basira na layi a gaban masana'antu ɗaya da masu na'urar wasa, da kuɗin da ya fi nasu.

Sakamakon shi ne abin da ba a saba gani ba: na'ura na tsufa tana ƙara tsada. PS5 mai cin faifai ta fito a kan dala 499 a 2020. A 2022 Sony ta ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu wurare, a Agustan 2025 ta ƙara dala 50 a Amurka. Xbox Series X da ta fara a 499 an ƙara mata kuɗi sau biyu a 2025 har ta kai kusan 650. Hatta tsohuwar Switch, mai shekara 8 a duniya, an ƙara mata kuɗi a Amurka a 2025. In farashi ba ya saukowa, mutane na ɗaukar lokaci mai tsawo kafin su shigo sabon zubi, kuma rashin adalci ne a ce wanda ya tara kuɗi shekara 4 ya saya, bayan shekara 2 a ce masa an wuce wurin.

A wajenmu abin ya ninka. Da dala ake shigo da na'urorin nan, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Mafi yawanmu ma ba sabuwa muke saya ba, ta hannu ce da aka gama da ita a Turai ko Amurka ko Dubai, don haka zubi kan iso mana ne a lokacin da masu shi suka fara shirin sallamarsa. Shiga kowane shagon gem na unguwa ka gani: talabijin biyu ko uku a jikin bango, dogon benci, janareta na ƙugi a waje, yara sun yi layi suna jiran wanda za a ci ya tashi ya miƙa hannun wasan, wanda robar sandarsa ta cinye har ana ganin farin ƙashin ciki. Mai shagon nan ba ruwansa da hasken da ke sheƙi a kan ruwa a cikin hoto. Tambayarsa ɗaya ce: ƙwallon bana za ta hau na'urata, da sababbin 'yan wasa da sabuwar riga? Ranar da aka daina fitar da ita a kan na'urarsa, ranar ce jarinsa ya fara narkewa. FIFA 19 ce ta ƙarshe a PS3, shekara 12 bayan fitowar na'urar. FC 26, wato wasan FIFA da sabon sunansa, ta fito a PS4 a 2025, ita ma shekara 12. Wannan doguwar jelar ita ce ke riƙe da irin waɗannan shaguna, shi ya sa na dage a kan cewa riƙon tsohuwa bayan fitowar sabuwa yana cikin amsar, ba ƙari ba ne.

To in haka ne me ya hana a ce shekara 10 ko 12 kawai a huta? Saboda akwai inda tsawaitawa ke komawa cuta, kuma mun gani. Zubin Xbox 360 da PS3 shi ne ya fi daɗewa a tsakanin waɗannan kamfanoni biyu, shekara 8 da 7, wani ɓangare saboda karyewar tattalin arzikin duniya na 2008, wani ɓangare saboda an ja shi da kayan wasan motsa jiki, Kinect da Move, a 2010. A shekarunsa na ƙarshe na'urorin na numfashi da ƙyar. Wasanni da yawa ba sa riƙe hoto 30 a daƙiƙa, ana ɓoye lodi a bayan dogayen lunguna da ƙofofi masu buɗewa a hankali. Skyrim na 2011 a kan PS3, in ka yi nisa a cikinsa ajiyarka ta yi girma, sai ya fara sarƙewa har ya gagara bugawa, saboda RAM ya ƙare. Kwamfuta kuwa ta yi musu fintinkau. A ƙarshen zamanin PS4 an sake gani: Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 a yanayin da ya sa Sony ta cire shi daga shagonta na kusan wata shida. Laifin masu ƙera shi na nan, amma ƙwaƙwalwar PS4, wadda tun a 2013 ba ta cikin masu ƙarfi, ba za ta iya ɗaukar birni mai cunkoso irin wanda suka zana ba. Switch ma a shekarunta na ƙarshe manyan wasanni da dama sun tsallake ta.

Alamar da nake dubawa ita ce wannan: ba lokacin da hoto ya daina burge mutane ba, a'a, lokacin da masu ƙera wasa suka fara yanke tunaninsu don ya shiga cikin akwatin. Rage ƙyallin hoto ba komai ba ne. Amma in aka rage yawan mutanen da ke yawo a gari, aka rage wayon abokan gaba, aka raba fili ɗaya gida uku saboda ma'ajiya ba za ta ɗauka ba, to na'urar ta fara danne sana'ar. A tarihi wannan na faruwa ne tsakanin shekara ta 7 da ta 9. A nan lambar 8 ta samo asali, ba son rai ba ne.

Akwai kuma abin da ya rikita lissafin zubin da muke ciki. PS5 da Xbox Series sun fito a Nuwamban 2020, tsakiyar annobar korona da ƙarancin kayan lantarki a duniya, har kusan shekara 2 mutum na da kuɗi a hannu ba ya samun ta saya sai a wurin 'yan kasuwar bayan fage. Don haka manyan wasannin Sony na 2022, Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök, duk sun fito a PS4 ma. A 2024 Sony da kanta ta nuna cewa kusan rabin na'urorinta da ake kunnawa a kowane wata PS4 ne. A ganina zamanin PS5 na gaskiya daga 2023 ya fara. Duk wata magajiya da za a fito da ita kafin 2028 ta yi sammako, kuma abin da zai faru shi ne a maimaita abin da aka yi: a sayar wa mutane sabon akwati mai tsada, shekara 3 suna buga wasannin da tsohon ma zai iya.

Su kuma na'urorin tsakiyar zango, PS4 Pro ta 2016, Xbox One X ta 2017 da PS5 Pro ta 2024 da ta fito a kan dala 700 ba tare da wurin sa faifai ba, ba na adawa da su muddin an kiyaye sharaɗi ɗaya: kada a yi wasan da zai hau Pro ya ƙi hawa ta asali. Zuwa yanzu an kiyaye. In an yi haka suna da amfani, domin mai kuɗin da ke ƙaiƙayin sabon abu ya samu abin saya, sauran jama'a a bar su da tasu, zubin ya ƙara tsawo. Kishiyar wannan ita ce Xbox Series S, ƙaramar 'yar'uwar Series X, wadda aka fito da ita tun farko da ƙaramin RAM, gigabayit 10. Arharta ta shigo da mutane da yawa, wannan alheri ne, amma ita ce ta jinkirta fitowar Baldur's Gate 3 a Xbox a 2023 saboda raba allo gida biyu ya gagare ta. Na'urar da aka haifa da ƙaramin ma'aji ita ke fara tsufa, kuma tana jan 'yar'uwarta baya.

Wani zai ce shin akwatin kansa zai kai shekara 8? Zai kai, in an kula da shi. PS4 ɗin da ake kawowa tana ƙara kamar jirgi zai tashi, in ka kwance ta abin da za ka tarar kusan kullum ɗaya ne: ƙurar hunturu ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi har iska ba ta wucewa, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli. A share, a sa sabon mai, sai ta yi shiru kamar ba ita ba. Abin da ya fi kashe su a nan shi ne wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ramin HDMI da ake karyawa wajen cire waya da garaje. Ka samo abin daidaita wuta, ka ɗaga ta daga ƙasa, kada ka kulle ta a cikin durowa, ka kai a share ta bayan kowane hunturu. Hannayen wasa ne za ka riƙa canzawa, su ba sa kai wannan shekarun.

Abin da na fi jin tsoro ba mutuwar ƙarfe ba ne, rufe shago ne. Nintendo ta rufe shagon intanet na Wii U da 3DS a Maris na 2023. Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Sony ta sanar da rufe na PS3 a 2021, sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye. Yanzu da mafi yawan wasanni saukewa ake yi ba faifai ba, ranar da kamfani ya ga dama ita ce ranar da wasu wasannin ke ɓacewa daga kasuwa. Abu ɗaya mai kyau da ya faru shi ne tun daga PS4 da Xbox One an koma ƙwaƙwalwar AMD mai tsari irin na kwamfuta, shi ya sa PS5 ke buga kusan duk wasannin PS4, alhali PS4 ba ta karɓar faifan PS3 ko ɗaya. Switch 2 ma na buga mafi yawan na Switch. Wannan ya kamata ya zama wajibi a kan kowane sabon zubi, ba alfarmar da za a yi mana talla da ita ba.

Kai kuma da ke riƙe da PS4, kada surutun sabuwa ya ɗaga maka hankali. Rubuta wasanni uku da kake matuƙar son bugawa waɗanda ba sa hawa na'urarka. In ba su kai uku ba, zauna da abarka ka ci gaba da tara kuɗi. In sun kai, nemi PS5 mai cin faifai ko da ta hannu ce, domin faya-fayanka na PS4 za su hau kanta, kuma za ka iya sayen wasa na hannu ka sayar in ka gama, abin da marar faifai ba za ta ba ka ba.